GYARAN HAƘORIN YARO: MAGANI NE, BA SAUYA HALITTA BA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya kai uba, da kai nake. Bayan la'asar wani bawan Allah ya zo mini da ɗansa mai shekara 13, haƙoran sama sun turo leɓe har bakin ba ya rufuwa. Yaron ya ƙaurace wa makarantar allo saboda ba'ar tsara. Likita a Agadas ya ce a sa masa wayar daidaita haƙora, sai wani ya ce wa uban haramun ne, sauya halittar Allah ne. Wannan fatawa ce ba da ilimi ba.

Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya tsine wa masu goge haƙora su buɗe tsakaninsu domin ƙawa. Ka lura da sharaɗin: domin ƙawa. Imam Nawawi ya bayyana cewa idan don magani ne ko kawar da aibi, babu laifi. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Mayar da gaɓa kan asalinta ba sauya halitta ba ne.

Abin takaici, mun juya hukuncin. Wanda ya haramta wayar likita, shi ne yake shiru idan aka goge wa yarinya haƙora don ta samu wushirya, alhali a kan wannan tsinuwar ta zo, kuma ɓawon haƙori in ya goge ba ya sake tsirowa. Ga kuma wayar kwalliya da yara ke gani a TikTok suna sha'awa, wadda wanda ba likita ba yake liƙawa: tana jan haƙori ba bisa tsari ba, tana kumbura dasashi. Wannan cutar da kai ne da ɓarnar dukiya.

Sai dai ka ji gaskiya, mu mutanen Dirku ne, hamada ce tsakaninmu da likitan wannan aiki. Wayar tana bukatar dubawa kusan kowane wata ɗaya zuwa biyu, har shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Kada ka fara abin da ba za ka ƙarasa ba. Halal ne, ba farilla ba. In kana da hali, ka kai yaro a duba shi yana tsakanin shekara 11 zuwa 14, lokacin da muƙamuƙi ke girma. In babu, hana ƙarami tsotsar yatsa bayan ya wuce shekara 4, ka riƙe masa asuwaki, musamman bayan cin dabino.

Alwalar mai waya ta inganta, wankansa ma haka, domin kurkure baki sunna ne a mazhabar Maliku. Azuminsa bai karye ba.

Kai kuma malamin allo, Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da laƙabi. Yaron da aka kora daga karatu da dariya, za a tambaye ka a kansa.

Allah ne mafi sani.