Samarin Turai da Amurka da Komawa Coci

Shekara da shekaru, abu biyu aka sani game da addinin Kirista a Turai da Amurka: masu zuwa coci kullum raguwa suke yi, kuma a cikin waɗanda suka saura mata sun fi maza yawa. Ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales ta nuna Kiristoci sun koma kashi 46 cikin 100, karo na farko ke nan da suka kasa kai rabin al'umma. A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta ce a 2007 kashi 78 cikin 100 na manya Kiristoci ne, zuwa 2024 sun sauko kashi 62. Sai dai a 'yan shekarun nan an fara ganin samari, waɗanda a da su ne na farkon juya wa coci baya, suna shigowa da ƙafarsu.

Alamun sun bayyana a wurare da dama. A Faransa, ƙasar da ta raba addini da gwamnati tun 1905, manya fiye da 10,000 aka yi wa baftisma a cocin Katolika lokacin Ista ta 2025, ƙarin kusan kashi 45 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabace ta, kuma 'yan shekara 18 zuwa 25 ne rukuni mafi girma a cikinsu. Tattakin ibada na kwana uku daga Paris zuwa Chartres, tafiyar kusan kilomita 100 a ƙasa, yanzu dubban matasa ne ke cika shi. A Amurka, wata sujada da ɗalibai suka fara a jami'ar Asbury ta jihar Kentucky a Fabrairun 2023 ta zarce mako biyu ba a tashi ba, jama'a suna tururuwa daga nesa. Limaman cocin Otodoks a ƙasar kuma suna ba da labarin samari marasa aure da ke zuwa neman shiga, alhali a da cocin na iyalan baƙi ne daga Girka da Rasha da ƙasashen Larabawa.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne kaɗaici. Annobar korona ta kulle matasa a ɗaka daidai lokacin da ake ƙulla abota, har babban jami'in lafiya na Amurka a lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a 2023 cewa kaɗaici ya zama annoba. Coci na cikin wurare kaɗan da saurayi zai shiga ba da kuɗi ba, a san sunansa, a tambaye shi idan aka kwana biyu ba a gan shi ba.

Dalili na biyu shi ne rashin alkibla. A jami'o'in waɗannan ƙasashe mata sun fi maza yawa, ayyukan masana'antu da suka riƙe iyayensu sun ragu, aure ya yi nisa, gida ya yi tsada. Saurayi da yawa ya rasa mai gaya masa abin da ake nema a wurinsa. Shi ya sa cocin da ke da tsauri suka fi jan su: masu azumi, da doguwar tsayuwa, da furta zunubi a gaban limami, da tsarin sujada wanda bai canza ba tun zamanin kakanni. A Faransa wasu sabbin tuban sun ce ganin yadda abokansu Musulmi ke azumin Ramadan a fili, ba kunya ba ɓoyo, ya sa su ma suka waiwayi nasu azumin na kwana arba'in.

Dalili na uku intanet ne. Laccocin da masanin halayyar ɗan Adam Jordan Peterson ya yi a Toronto a 2017 kan Littafin Farawa sun kai ga miliyoyin samari ta YouTube. Shirin karatun Littafi Mai Tsarki cikin shekara guda na Fada Mike Schmitz ya hau kan gaba a manhajar Apple a farkon 2021. Da yawa sun shafe watanni suna sauraro a waya kafin su taka ƙofar coci. Ban da haka akwai hannun baƙi, musamman a Birtaniya, inda cocin 'yan Afirka irin su Redeemed ta Najeriya ke cike da matasa.

Duk da haka, alƙaluman na bukatar taka tsantsan. Rahoton da ƙungiyar Bible Society ta fitar a Birtaniya a 2025 ya yi iƙirarin cewa samarin da ke zuwa coci sun ninka har sau biyar cikin shekara shida, amma masana sun ƙalubalance shi, domin rajistar cocin kansu da sauran bincike ba su nuna haka ba. A Faransa ma, mata sun fi maza yawa cikin masu karɓar baftismar, kuma baftismar jarirai na ci gaba da raguwa. Binciken Pew ya nuna raguwar Kiristoci a Amurka ta tsaya cik tun wajen 2019, amma tazarar riƙon addini da ke tsakanin samari da 'yan mata ta ragu ne galibi saboda 'yan matan na ficewa. Wasunsu na kokawa da matsayin da ake ba mace a coci, wasu kuma badaƙalar cin zarafin yara da aka bankaɗo ce ta kore su.

Akwai kuma batun niyya. Wasu samarin neman Allah ne ya kawo su, wasu kuma siyasa ce, suna ɗaukar gicciye a matsayin tutar adawa da baƙi ko da 'yancin mata. Cocin Katolika da na Otodoks dai ba sa gaggawar yi wa baligi baftisma. Sai ya yi watanni yana koyo, a Faransa ma yakan kai shekara biyu. Nauyin da ke kan shugabannin coci shi ne su mayar da zafin ƙuruciya ya zama hali nagari: riƙon amana, girmama mata, tausayin talaka da zaman lafiya da maƙwabci na wani addinin. Yawan waɗanda za su dawwama bayan shekara goma, su yi aure, su reni 'ya'yansu a cikin ikilisiya, shi zai nuna girman wannan sauyi.