Ciwon Rawar Jiki Da Mai Jinyarsa

Zuwa ga Edita,

A wannan mako zan amsa wa wani malami na Gwandu, wanda ya tambaye ni inda zai kai maiɗakinsa. Hannunta na rawa ko tana zaune, tafiyarta ta yi nauyi, takunta ya gajarce, mutane kuwa suna ta cewa sammu ne.

Malam, alamun nan sun yi kama da ciwon da wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a 1817. Asalinsa daga ƙwaƙwalwa yake, watau wani sinadari mai daidaita motsi ne ke raguwa. Amma ba kowace rawar jiki ce shi ba, sai likitan jijiyoyi ya duba tukuna. Ka fara da asibitin Kalgo ko na Birnin Kebbi, ka roƙi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Akwai magani, levodopa sunansa. Ba ya warkarwa, amma yana sassautawa ƙwarai in an kiyaye lokacin sha. Kada a yanke shi farat ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne mai jinya. Ciwon nan na shekaru ne, kullum ƙaruwa yake yi. Wanka, ciyarwa, tashin dare, duk a kan mutum guda, alhali dangi sai su leƙo ranar Juma'a su ce sannu su wuce. Lalle ka tara 'yan'uwanta da naka tun yanzu, a raba kwanaki, a raba kuɗin magani da na mota zuwa Sakkwato.

Naka,
Akawu, Kalgo.