DAMISA DABAN, TAIGA DABAN

Da na je gida Kaikai hutun sallah, ɗan ƙanwata ya kawo mani littafinsa na makaranta, ya nuna mani hoton wata dabba mai ratsin baƙi a kan jar fata, ya ce, "Kawu, ga damisa." Na ce masa wannan ba damisa ba ce. Ya ce ai haka malaminsu ya faɗa. Sai jikina ya yi sanyi, domin ni ma na taɓa yin wannan kuskure a wani littafina.

Damisar da kakanninmu suka sani, wadda ake wa kirari da ƙi sabo, ɗige-ɗige ne a jikinta, tana hawa bishiya da abin da ta kama. Ita kuwa mai ratsin nan babu ta a dajin Afirka ko ɗaya. Gidanta Asiya, kuma mafi yawansu yau a Indiya suke. To yaya Bahaushe zai raɗa wa abin da bai taɓa gani ba suna?

Turawan ma aron kalmar suka yi. Taiga daga tigris ta Girkanci ta fito, ta bi ta Latin, masana da dama kuma suna ganin asalinta daga harsunan Farisa ne. Indiyawa bagh suke cewa. Larabawa suna da babar da suka aro daga Farisa, amma yau da yawansu namir suke cewa, alhali namir damisarmu ce. Kun ga ba mu kaɗai muka ruɗe ba. Masu Swahili su ne suka yi dabara: damisa chui, waccan kuwa chui milia, wato damisa mai ratsi.

Wani zai ce meye a ciki, tunda an gane? Akwai. Yaron da bai taɓa ganin damisa ba, in muka ba wata dabba sunanta, ya rasa tasa ke nan har abada.

Kakanninmu da suka ce raƙumin dawa da jakin dawa ba su jira kowa ba. Shawarata ga marubuta da masu fassarar finafinan Indiya, mu riƙa cewa damisar Indiya, ko damisa mai ratsi. Ni dai na gyara nawa a bugu na gaba. Allah Ya sa mu dace.