Sitikar Mama Tambaya Da Ke Wayarka, Nawa Aka Biya Ta?

Ɗauko wayarka, shiga WhatsApp, ka buɗe wurin sitika. Da wuya ka rasa fuskar wata dattijuwar Kannywood a ciki, ta riƙe haɓa, ko ta zaro ido, ko ta ɗora hannu a ka tana salati. Da ita kake ba abokinka amsa idan ya sharo ƙarya a guruf. Ke ma 'yar'uwa, da ita kike yi wa ƙawarki shaguɓe. Ni ma ina da su, ba zan ɓoye ba. Amma ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka nawa aka biya matar nan ranar da aka ɗauki wannan fitowar?

Ni dai ban taɓa ba, sai da kawuna ya sa ni.

A Panshekara muke zaune, daf da rukunin masana'antu na Challawa. Wanda ya san wajenmu ya san warin ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima, ya san manyan motocin da ke shiga da fatu, ya kuma san ayarin leburorin da ke sammako a kan kekuna. Kawuna yana cikin wannan ayarin shekara goma sha tara. Wata rana bayan Magariba ina zaune kusa da shi ina ta ƙyalƙyala dariya, sai ya ce in nuna masa abin da ke ba ni dariya. Na miƙa masa wayar. Sitikar Hajiya Ladin Cima ce. Ya kai ta kusa da idonsa, ya ce, “Ai wannan Tambaya ce! Tun ina saurayi muke kallonta a talabijin ɗin maƙwabta.” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Ita ma sallama ake ba ta, ko?”

A lokacin ban gane inda ya dosa ba. Yanzu na gane.

Duk shekarun da Kawu ya yi a wani kamfanin jima, ba a taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba. Lebura ne na wucin gadi, wucin gadin da ya kai shekara goma sha tara. Fatun da suka bi ta hannunsa sun tafi Italiya da Sifaniya, an yi takalma da jakunkuna masu tsadar da ba zai iya ko tambayar farashinsu ba. Ranar da aka rage ma'aikata, aka miƙa masa ambulan, aka ce ga sallama. Ba fansho, ba garatuti, ba inda zai kai ƙara, domin a takarda bai taɓa yin aiki a wurin ba. Abin da ya fito da shi tari ne da ciwon baya.

To ka ajiye labarin Kawu a gefe, mu koma kan Mama Tambaya.

Ladin Cima tana cikin matan da suka fara wasan kwaikwayo tun kafin a san wani abu wai shi Kannywood. Ka tuna, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko a harkar bidiyon Hausa, wato Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, a 1990 ya fito, sunan Kannywood kuwa sai a ƙarshen shekarun 1990 aka raɗa shi. Kafin nan wasan daɓe ake yi a gaban jama'a, da diramar rediyo, da ta talabijin a tashoshi irin su NTA Kano da CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV. A wancan zamanin, mace Bahaushiya ta yarda a haska fuskarta a akwatin talabijin ba ƙaramar jarumta ba ce. Za ta sha surutu a unguwa, ta sha a dangi. Su ne suka share hanyar da taurarin Instagram na yau suke bi da motocinsu.

A watan Fabrairun 2022, BBC Hausa ta yi hira da ita a shirin Daga Bakin Mai Ita. A nan ta bayyana cewa abin da take samu a fim naira dubu biyu ne, ko uku, ko biyar, kuma ba ta taɓa karɓar kuɗi masu kauri a dunƙule ba. Ta kuma yi maganar halin da ta shiga game da muhalli. In kana soshiyal midiya a lokacin, ka san yadda gari ya ɗauka. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su dai sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. Naziru Sarkin Waƙa ya goyi bayanta, ya kuma yi wa masana'antar tatas. Aka rabu gida biyu, aka kwana biyu ana musayar yawu, masu hali suka yi mata alheri, sannan wani sabon rikici ya ɓullo, muka yi gaba.

Ga inda nake ganin mun yi kuskure, ni da kai. Mun ɓata ƙarfinmu wajen gano wa ya yi gaskiya, wa ya yi ƙarya. Alhali tana iya yiwuwa kowa gaskiyarsa ya faɗa: wani furodusan ya ba ta da yawa, wasu goma sun ba ta kuɗin mota. Abin da ya kamata ya ɗaga mana hankali shi ne, me ya sa tun farko ake musu? Da akwai takardar yarjejeniya, da akwai rasit, da minti biyar ya isa a kashe maganar. Musun ya yi tsawo ne saboda babu abin da aka rubuta. Matar da ta ba wa sana'a ƙuruciyarta da tsufanta, a takarda kamar ba ta taɓa yin aikin ba. Daidai da Kawu.

Ka lura da kalmar da ake amfani da ita ma: sallama. Wa ake sallama? Maroƙi ake sallama, almajiri ake sallama, baƙon da ya zo gaisuwa ake sallama. Sallama tana hannun mai bayarwa, in ya ga dama ya cika, in ya ga dama ya rage, kai kuma naka godiya. Ma'aikaci ba sallamarsa ake yi ba, biyansa ake yi. Muddin ladan 'yar wasa yana rataye da kirkin furodusa, to ranar da ta haɗu da marar kirki, ko ranar da ƙafa ta daina kai ta lokeshin, sai dai bara. Shi ya sa muke ta ganin abu ɗaya yana maimaituwa: dattijo ko dattijuwar fim ta kwanta ciwo, a ɗauki bidiyo, a saka lambar asusu, mu yi ta rubuta “Allah sarki”. Marigayi Karkuzu na Jos sai da ya fito ya nemi taimako bayan idonsa ya tafi, kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah Ya saka wa masu taimako, amma sadaka ba tsari ba ce. Wanda bidiyonsa bai yaɗu ba fa?

Na san abin da za ka ce, domin abokaina a aji sun faɗa mini. Na farko, ai furodusoshin ma ba kuɗin gare su ba. Da gaskiyarka. Satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, 'yan tura fim a waya sun ƙarasa ta, yanzu mai shirya fim yana zuba jarinsa ne ya jira abin da YouTube zai ba shi, ko ya samu wata tasha kamar Arewa24 ta ɗauka. Ba kowane shiri ba ne Labarina ko Izzar So. Amma rashin kuɗi ba ya hana rubutu. In dubu biyar za ka iya biya, rubuta dubu biyar, ka ƙara da cewa idan shirin ya kawo kaza, tana da kaso kaza. Takarda ba ta cin jari. Mai gudun takarda, yawanci ba talauci yake gudu ba, ranar riba yake gudu.

Na biyu, za ka ce ai fitowa biyu ko uku take yi, awa biyu ta gama, lebura kuwa yini yake yi cur bai samu haka ba. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, sai dai lissafin bai cika ba. Fitowar da aka ɗauka cikin awa biyu ba ta mutuwa. Za a haska ta a talabijin, a maimaita, a ɗora a YouTube, a yanka ta gunduwa-gunduwa a TikTok da Facebook, kowane shafi yana tara mabiya da ita, wasu har talla suke karɓa. Shekara biyar bayan nan fuskarta tana nan tana yi wa wasu aiki, ita kuwa dubu biyun ta ƙare tun a adaidaita sahun komawa gida. Kuma ba kullum ake kiran ta ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024. Lissafa da kanka sau nawa za a kira dattijuwa lokeshin a wata kafin ta haɗa wannan, in dubu biyar ake ba ta.

Na uku, akwai masu cewa ai 'yan fim ne, su suka zaɓi wannan hanyar. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi, don wanda ke faɗar ta da daddare shi ne zai kira ka ya tambaye ka ko sabon zango ya fito. Kana da damar ƙin sana'ar, ka daina kallo. Amma ka ci moriyar guminta shekara da shekaru, sannan ka ce ba ta cancanci haƙƙi ba, wannan cin moriyar ganga ne a yar da kwaurenta. Addininmu bai yi wasa da haƙƙin ɗan ƙwadago ba, kuma bai ce sai wanda sana'arsa ta burge ka ba.

Kada ka ɗauka a wasu ƙasashen kirkin masu kuɗi ne ya gyara lamarin. A Amurka, 'yan wasan Hollywood sun yi yajin aiki a 1960, lokacin Ronald Reagan ne shugaban ƙungiyarsu, kafin ya zama shugaban ƙasa. Da wannan yajin suka samu a riƙa biyansu wani kaso idan an haska finafinansu a talabijin, suka kuma samu asusun fansho da na lafiya. A 2023 suka sake ajiye aiki na kwana 118, a kan kasonsu daga manhajojin kallo ta intanet da kuma amfani da kamanninsu ta ƙirƙirarriyar basira. Ba na cewa Kano ta zama Hollywood. Ina cewa babu inda aka taɓa ba ɗan wasa haƙƙinsa don tausayi. Haɗa kai aka yi, aka rubuta, aka tsaya a kai.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta san da haƙƙin mai wasa, ba na furodusa kaɗai ba. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin ƙaramin fansho don masu sana'ar kansu. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Masana'antar tana da ƙungiyoyi irin su MOPPAN. Me zai hana a tsayar da mafi ƙarancin kuɗin yini ga ɗan wasa, a fitar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, a kuma cire wani ɗan kaso daga kowane shiri a zuba a asusun lafiyar dattawan sana'ar? Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda ke duba sutura da rawa tun 2001, in ta ga dama za ta iya tambayar furodusa shaidar ya biya mutanensa kafin ta ba shi izini. Tarbiyya ba a tsawon mayafi kaɗai take ba, har da biyan haƙƙi.

Kai fa, me ke hannunka? Abu uku. Ka kalli shiri a tashar masu shi, ka daina karɓa a wajen mai turawa ko a shafin da ya sato, don kallonka kuɗi ne, kai ke zaɓar aljihun da zai shiga. In kana da shafi kana yanka fitowar dattawan nan kana tara mabiya, ko sunansu ka rubuta, in kuma shafin yana kawo maka kuɗi, ka san akwai haƙƙin wani a ciki. Sannan idan tauraron da kake bi ya saka hoton sabon shiri, a maimakon zuba masa alamar wuta kawai, tambaye shi cikin ladabi: iyayen da suka fito a ciki, da takarda aka ɗauke su? Mutum dubu su yi wannan tambayar, wallahi sai an ji.

Mu kuma masu karatun aikin jarida, da namu laifin. Muna rububin hira da wanda ke tashe, mun bar waɗanda tarihin ke bakinsu. Hajiya Zainab Booth ta rasu a 2021, Saratu Giɗaɗo, Daso, ta bi ta a 2024. Kowace ta tafi da labaran da ba za mu sake ji ba. Ni dai na yanke shawara, aikin bincikena na kammala digiri a kan matan diramar talabijin ta Kano zan yi shi, in zauna da waɗanda suka rage, in naɗi muryarsu.

Ban goge sitikar ba, kuma ban ce ka goge taka ba. Dariyar da take ba mu ita ce shaidar ta iya aikinta. Amma na koma wajen Kawu na ce masa, eh, ita ma sallama ake ba ta. Ya gyaɗa kai, ya ce, “To ku da kuka yi boko, kada ku yarda a sallame ku. Ku ce a rubuta.”

Na kawo maka saƙon. Ranar da za ka fara naka aikin, ko a kamfani a Sharaɗa ne, ko a gaban kyamara, ka tuna da shi.