Ra'ayinmu: Littafi Tukuna, Intanet Daga Baya

Tun da aka fara nuna mana kwamfuta, zancen da ke yawo a aji shi ne buɗe shafin tarihin gida a intanet. Wani cikinmu har ya zaɓi launi da hoton da zai sa a sama. Da muka tambaye shi sunan kakan babansa, sai ya sosa ƙeya ya ce zai tambayo. Ba mu yi masa dariya ba, don da aka zagaya da tambayar a taron kulob, yawancinmu a kan kaka muka tsaya cak.

Niyyar mai kyau ce, kuma mu 'yan Wagini mun fi wasu bukatarta. A gefen Dajin Rugu muke. Mun ga yadda rashin tsaro ya tashi ƙauyuka, dangi suka watsu, wasu Batsari, wasu Katsina, wasu har Maraɗi. Wanda ya gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar hotuna da takardun gona. Abin da ya rage yana cikin kan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke. Shi ya sa muke cewa wanda zai fara wannan aiki ya fara da littafin rubutu da biro da wayar da ke ɗaukar murya. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, da zai rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, bai tsaya kan takardun Turawa kaɗai ba, ya bi garuruwa yana zama da dattawa.

Muna da sa'ar da iyayenmu ba su da ita: wasan jika da kaka. Tambayar da baba zai ji nauyin yi wa mahaifiyarsa, mu muna iya yinta cikin raha. Amma a yi hankali da alkunya. Kaka ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba ko za a kwana ana roƙo, sai dai a je wurin baffa ko gwaggo. A kuma raba sunan yanka da laƙabi. Gida ɗaya na iya samun Tanko uku, kowanne da nasa sunan na gaskiya. Laƙabin ma kar a yar da shi, labari ne: Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Ɗan'azumi cikin watan azumi ya zo. Kuma don Allah a rubuta ɓangaren uwa. Mun lura kowa sai ya jero maza har biyar, a tambaye shi garin da aka ɗauko kakarsa ya rasa.

Shekaru su ne wahalar. Tsoho ba zai ce 1944 ba, zai ce shekarar da Sarki Dikko ya rasu, kuma ita ce 1944 ɗin. Idan ya ce lokacin rasuwar Sarki Usman Nagogo, 1981 ke nan. Kashe Sardauna 1966, canjin kuɗi daga fam zuwa naira da babban fari 1973, shigowar UPE 1976, ba mu jihar Katsina 1987. A rubuta wannan jeri a bangon littafin. In kuwa kaka da ƙaninta sun saɓa kan wani zance, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Ba aikin jika ba ne ya yanke musu hukunci.

Inda muka fi jan kunne shi ne abin da za a ɗora a intanet. Shafin da kawunka na Legas zai buɗe, shi ne kuma kowa zai iya buɗewa, har da wanda ba ya nufinka da alheri. A wuri irin namu, rubuta cewa gidan wane na da shanu kaza, ɗansu na aiki a Abuja, ga hoton ƙofar gida, ga lambar waya, wannan miƙa kai ne. Mu dai shawararmu, abin da zai fita fili ya tsaya kan magabata da suka riga mu gidan gaskiya: daga ina suka zo, wace sana'a suka yi, wane kirari ake yi musu. Sunayen masu rai da yara da dukiya su zauna cikin littafi. Haka zancen saki da rigimar gado, ba a sa su sai maigida ya yarda, kuma yawanci ba zai yarda ba, yana da gaskiya.

Kar kuma a ɗauka abin da ke intanet ba ya ɓata. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka datse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi tun daga Satumba, aka yi watanni babu sabis. Shafin da ake biya wa kuɗi duk shekara kuwa, ranar da aka kasa biya sai ya rufe. Mai farawa ya yi amfani da na kyauta irin Google Sites, shafi uku sun isa: asali, jerin zuriya, labarai. Ya sa wa wayarsa madannin Hausa don ƙ da ɗ da ɓ su fito, kada Ɓaidu ya koma Baidu. Muryoyin da ya ɗauka ya kwafe su a katin memori biyu, ɗaya a ajiye wurin wani ɗan'uwa a wani gari.

Muna roƙon malamanmu na Hausa da na tarihi su mai da wannan aikin hutu mai maki. Mu 'yan kulob mun ɗauki alkawarin kowa zai dawo da sunaye hawa huɗu, na uba da na uwa. Wanda iyayensa suka amince, za mu liƙa nasa a wannan bango a mako na biyu bayan dawowa.