Sharhi: Daga Tukunyar Zariya Zuwa Alƙawarin Rasha



Duk wanda ya bi titin Nyanya zuwa Karshi da rana, idan ya iso Orozo zai ga masu walda zaune a benci, ga ƙofofin ƙarfe jingine da bango, ana jiran a kawo wuta. Wanda haƙurinsa ya ƙare sai ya tada janareta, kuɗin mai ya lashe ribar yinin. Da sunan irin waɗannan bayin Allah ake sa hannu a yarjejeniyoyin makamashin nukiliya, saboda haka suna da haƙƙin sanin abin da ke ciki.

Tun 1968 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar hana bazuwar makaman ƙare-dangi. Sharaɗinta a fili yake: ƙasa ta yarda ba za ta ƙera bam ba, ta buɗe ƙofa ga masu sa ido na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wato IAEA, ita kuma a taimake ta da fasahar nukiliya ta zaman lafiya.

Mun ga amfanin wannan a Zariya. A 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar China a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne kacal, ba ta ba kowa lantarki. Aikinta gwaji ne: a kawo ƙasar noma, ko dutsen ma'adini, ko abinci, ta fayyace sinadaran da ke ciki. Da aka ga irin yuraniyom ɗin da take ci zai iya zama haɗari idan ya faɗa hannun ɓata-gari, sai Nijeriya da China da Amurka da IAEA suka haɗa kai a 2018, aka sauya mata mai marar ƙarfi, aka mayar da tsohon China. Abin da ya fi burge ni shi ne 'ya'yanmu ne ke tafiyar da ita, ilimin ya zauna a gida.

Babbar magana ita ce ta tashar lantarki. An ƙulla yarjejeniya da Rasha a 2009, aka sake sa hannu da kamfanin Rosatom a 2017, har aka ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina ta. Har yau ba a aza tubali ba.

Ni jinkirin bai dame ni kamar rashin bayani ba. Dubi Masar: tashar El Dabaa da aka fara ginawa a 2022 tana tafe da bashin Rasha na dala biliyan 25. Mu nawa za mu ci, a shekara nawa za a biya? Ina za a kai sharar da ke daɗewa tana fitar da guba? Sannan tukunya ɗaya irin ta Masar megawat 1,200 take bayarwa, alhali duk abin da layin wutarmu na ƙasa ke rabawa bai cika wuce megawat 5,000 ba. Ranar da irin wannan tukunya ta tsaya ba zato, za ta iya jan ƙasa gaba ɗaya cikin duhu. Dole gyaran layi ya riga ginin tasha.

Muna kira ga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da Majalisar Tarayya su fito da sharuɗɗan waɗannan yarjejeniyoyi, a tattauna su a bainar jama'a, a fassara su da Hausa da sauran harsunanmu, yadda mai walda a Orozo zai ji da kunnensa kafin a ci bashi da sunansa.