Daƙiƙa Talatin: Ma'aunin da Ke Tauye Waƙa

Tun da Spotify ya fara aiki a ƙasar Suwidin a shekarar 2008, sauraron waƙa ya tashi daga sayen faifai ko kaset ya koma haya. Mai saurare yakan biya kuɗin wata, ko ya haƙura da tallace-tallace, a buɗe masa rumbun miliyoyin waƙoƙi. Babu mai musun wannan sauƙi, amma mawaƙi ne ke ɗaukar nauyinsa.

Matsalar farko tana wajen rabo. Kamfanin yakan tara kuɗin da ya samu a kowace ƙasa, ya riƙe kusan kashi ɗaya bisa uku, ya raba sauran ga masu haƙƙin mallaka gwargwadon yawan saurare. Saboda haka ɗalibin da ya shafe wata yana jin mawaƙin garinsu kaɗai, mafi yawan kuɗinsa yana tafiya ga taurarin da bai taɓa kunna waƙarsu ba. Kuɗin ma sai ya bi ta hannun kamfanin faifai ko dillalin da ya ɗora waƙar kafin ya isa ga mai ita. Daga 2024 kuwa, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun ko sisi daga kason faifai. Wannan kashin dankali ne, babba a kan ƙarami.

Matsala ta biyu ta shafi jikin waƙar kanta. Ba a lissafa saurare sai ya kai daƙiƙa 30, kuma waƙar minti 2 da ta minti 20 ladansu ɗaya. Mawaƙi mai neman abinci dole ya gajarta, ya jefo amshi tun a farko don kada a tsallake shi. Waƙar baka ta Hausa kuwa a hankali take ginuwa: kiɗa ya zauna, jagora ya kafa gindi, 'yan amshi su karɓa, sannan ɗiyan waƙa su biyo ɗaya bayan ɗaya. Da wannan ma'auni aka auna Narambaɗa ko Mamman Shata, da tsawon da ya ba waƙoƙinsu armashi ya zame musu asara.

Shi ma mai saurare bai tsira ba. Na'ura ce ke zaɓa masa abin da ya yi kama da wanda ya ji jiya, kunnensa ya daina cin karo da baƙon sauti. Kuma bai mallaki komai ba: da Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga Spotify a 2014, masu biyan kuɗi sun rasa su har zuwa 2017.

Gyara yana yiwuwa. A 2021 SoundCloud ya fara ba mawaƙa masu zaman kansu kasonsu daga kuɗin waɗanda suka saurare su. Ya kamata sauran kamfanoni su bi wannan hanya, a kuma sa tsawon saurare cikin lissafi. Kafin nan, wanda ke ƙaunar mawaƙi ya sayi aikinsa, ya halarci wasansa, domin yabo ba ya biyan makaɗa.